Gangar da Hollis Nally Ya Hana a Buɗe

Hollis Nally mutumin sito ne. Shekara arba'in da uku ya yi yana mirgina gangunan wuski a kamfanin Cambron da ke bakin rafin Cedar Fork, a nan Kentucky, kuma in ka cire ranar aurensa da ranar da ganga ta murƙushe masa yatsun ƙafa biyu, ba wanda zai ce ya taɓa zuwa ya tarar ba ya nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar da gatari aka sassaƙo su. Ba ya magana, sai mutane suka ɗauka hankali ne ya yi masa yawa. Haka ake yi wa maza marasa magana wannan alfarma, alhali rabinsu tsoro ne kawai ya riƙe musu harshe.

Matarsa Verna a ɗakin cika kwalba take aiki, tana manna takarda a jikin kwalabe daga safe zuwa la'asar, da an tashi kuma sigari a bakinta. Ita ce mai baki a gidan, ita ce kuma mai harshe. In aka miƙa mata kofin wuski ta kurɓa, za ta gaya maka shekarunsa da hawan benen sito da ya kwanta, da wuya ta kuskure. Kamfanin bai taɓa tambayarta ba, don a lokacin ba a tambayar mata irin wannan. An bar ta da man ɗanko da takarda.

Tsoho Cambron, mai kamfanin, yana da wata al'ada. Duk ma'aikacin da ya cika shekara ashirin, sai a ba shi ganga guda ta sabon burbon, wuskin masara, a ranar da aka ɗura ta. Ba a ba ka ita ka kai gida. A sito za ta zauna, amma kai ne za ka zaɓi inda za ta kwanta, kai ne kuma za ka ce yau a juye ta a kwalabe. Yawancin mazan shekara huɗu suke jira, masu haƙuri shida, su shanye a bikin ɗa ko a zaman makokin uba, magana ta ƙare.

Abin yana shiga ganga fari fat kamar ruwan rijiya. Zafin bazara ya tura shi cikin babbakakken katako, sanyi ya jawo shi, shekara ta zagayo a sake. A nan yake samun ja da zaƙi. Kowace shekara kuma wani abu yana bin iska ya tafi, shi ake kira rabon mala'iku. Akwai lokacin da ganga take nuna, in ka wuce shi katako ya cinye ta. Duk yaron da ya yi wata uku a sito ya san wannan. Hollis ya fi kowa sani.

Da tasa ta zo, ya hau da ita hawa na biyar, gefen kudu, layi na uku daga taga, inda rana take dukan kwano amma ba ta gasa shi. Ya ɗauki alli ya rubuta VERNA a kanta. Da yamma, suna cin wake da burodin masara, ya gaya mata.

"Taki ce. Ranar da ta nuna, ke za ki fara sha."

Verna ta ajiye cokali. "To, ni ce mai ganga, wa zai ce a buɗe?"

"Ni mana. Ni na san katako."

"Kai ka san katako, ni na san abin sha. Ka ga an raba mana aikin a karkace."

Ta yi dariya, amma ta ji daɗi. Bai taɓa saya mata zobe mai dutse ba, bai taɓa kai ta bakin teku ba. Wannan ce kyauta ɗaya da ya yi mata wadda ba tukunya ba ce ko injin wanki, kuma duk su biyun sun san haka.

Sha'awarsu ba ɗaya ba ce tun asali. Shi tsohon burbon yake so, mai nauyi, wanda yake zama a ƙirji kamar baƙon da ba ya niyyar tafiya. Ita kuwa rayi take so, wuskin hatsin nan ɗan'uwan alkama, ɗan shekara huɗu mai yaji, wanda ta ce yana shigowa baki ba sallama ya fita ba ban kwana. Tana cewa tsofaffin wuski kamar tsofaffin maza ne, kowa yana girmama su don ba wanda yake son ya zauna ya saurare su. Amma gangarta daban ce. Wannan tana jiranta.

Kowace kaka, in ganye ya fara ja, Hollis yakan hau hawa na biyar da ɓarawo, bututun tagullar nan da ake zurawa ta bakin ganga a ɗebo ɗan kaɗan. Ya cika tsohuwar kwalbar maganin tari, ya sa a aljihu. Ran Lahadi bayan an taso daga coci, su zauna a baranda, ya zuba mata a ƙaramin kofi. Yayanta Doyle, mai noman taba, ba ya kuskure wannan Lahadin. Yakan zo da nasa kofin a aljihun riga, wai kada a ce ya zo roƙo hannu rabbana.

A shekara ta tara 'yarsu Charlene za ta yi aure. Verna ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

"Ta nuna. A juye ta, a sha a bikin yarinyar nan."

"Bazara ɗaya," in ji Hollis.

"Bazara ɗaya me?"

"Ta ƙara kwana bazara ɗaya. Akwai sauran kaifi a ƙarshenta."

"Kaifin nan shi ne ranta, tsoho."

Doyle ya ce, "Ƙanwata, ki rabu da shi. Mutumin da ya yi shekara uku yana zuwa gidanmu kafin ya iya cewa yana sonki, shi kike so ya buɗe ganga a shekara tara?"

Aka yi bikin Charlene da wuskin kanti. An ci soyayyar kaza, an yi rawa, ba wanda ya mutu. Verna ba ta riƙe shi a ciki ba, ko kuma ta riƙe ba ta nuna ba.

Shekara ta goma sha biyu ita ce wadda ya kamata a tsaya a faɗa da kyau. Tun kafin ya cire murfin kwalbar ƙamshin ya cika barandar. Alewar madara da ta ɗan kama tukunya, kirfa, ganyen taba da ya bushe a rumfa, da wani abu can baya kamar bawon lemo. Doyle, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya sha ya yi tsit. Verna ta riƙe nata a baki har Hollis ya ɗauka ta manta da haɗiya. Da ta yi magana, muryarta ta sauka, ba zolaya a ciki.

"Hollis, don girman Allah, gobe. Kada ka bari ta ƙara ko wata ɗaya. Wannan ita ce."

Kuma ya yarda. A ransa ya yarda, har ya fara tunanin wa zai gaya wa da safe. Sai Doyle ya dawo hayyacinsa, ya goge baki, ya yi abin da ya saba.

"Kai, suruki, ashe ka iya wani abu. Saura kaɗan ka kamo Leland Hagan. Shi tasa sha biyar ta kai, Tsoho Cambron da kansa ya hau bene ya ba shi hannu. Amma sha biyu ma ba laifi, ga mai gajerun ƙafafu."

Wasa yake yi. Da ya san abin da ya jefa, da ya haɗiye harshensa. Amma kada a ɗora wa Doyle duka. Hollis ya kwana da lissafi irin na mutumin da ya samu abu mai kyau karo na farko a rayuwarsa: in sha biyu ta yi haka, yaya sha biyar za ta yi? Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan, wanda ko ga kansa bai faɗa ba. Muddin gangar tana kwance a sama, shi mutum ne mai wani abu da ake jira. Ran da aka juye ta, za a shanye cikin shekara biyu, ya koma gajeren nan mai mirgina ganguna.

Da safe ya ce mata, "Bazara ɗaya."

Ta dube shi ta saman kofin shayi.

Bazarar da ta biyo baya an yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Rafi ya ƙafe har yara suna tafiya a cikinsa da takalmi. A hawa na biyar mutum ba ya iya minti goma. Da kaka ta zo, abin yana nan da daɗinsa, sai dai a ƙarshe yana ɗan ɗaure harshe, kamar shayin da aka bar ganye a ciki. Verna ta ce ta fara juya baya, a yi sauri. Hollis ya ce sabulu ne bai fita daga kofin ba.

A ta goma sha huɗu shi kaɗai ne a sama lokacin da ya ɗanɗana. Ya tsaya da ɓarawo a hannu, ƙura tana yawo a hasken taga, ya sake kurɓa ko bakinsa ne. Ba bakinsa ba ne. Alewar ta tafi, lemon ya tafi. Katako ne, da ɗaci a bayansa. Har yanzu ana iya sha, in da a ranar aka juye ta da mutane sun ce ba laifi. Amma ita za ta sani daga kurɓar farko, za ta tuna ta sha biyu, kuma ba sai ta buɗe baki ba.

To, mutanen sito suna da wata magana da suke gada daga juna, cewa ganga tana juyowa. Wai takan yi barci, ta yi ɗaci shekara biyu ko uku, sai wata kaka ka zo ka tarar ta farka ta fi da. Ba wanda ya taɓa gani da idonsa. Kowa kawunsa ne ya gani, ko wani tsoho da ya riga ya mutu. Hollis da kansa ya sha yi wa masu faɗin haka dariya. A ranar nan ya kama maganar da hannu biyu.

Ya sauko da gangar hawa na ƙasa, inda sanyi yake, don katako ya sassauta mata. Sannan ya hau hawa na uku, ya nemi wata 'yar shekara takwas mai kyau cikin gangunan kamfani, ya zura ɓarawo, ya cika kwalbar maganin tari. Bana kaɗai, ya ce wa kansa. Kafin baɗi ta juyo.

Ran Lahadi ya zuba mata. Doyle ya sha ya ce kai, abin nan sai ƙara kyau yake. Verna ta kurɓa. Ta dubi kofin, ta dubi mijinta.

"To," ta ce. "Madalla."

Daga ranar ba ta sake cewa a buɗe ba. Hollis ya ɗauki wannan a matsayin sauƙi daga Allah. Wayayyen namiji ke nan.

Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. Kowace kaka ya ɗanɗana tata a ɓoye, ya tofar, ya hau sama ya ɗebo ta wani. A ta goma sha bakwai ya daina ɗanɗanawa ma, don ba ya iya ɗaukar abin da yake ji. Sai dai ya ƙwanƙwasa kan gangar da bayan yatsa, daga sama yana saukowa, yana sauraron inda amon wofi zai tsaya. Kowace shekara wurin yana ƙara yin ƙasa. Ya sake bin sunan da alli in ya dushe, ya tafi.

Ana nan Tsoho Cambron ya mutu, 'ya'yansa suka sayar da kamfanin ga wasu mutanen birni, aka daina ba ma'aikata ganga. Sai kuma duniya ta haukace a kan tsohon wuski. Mutanen da ba su san bambancin masara da rayi ba suka fara zuwa cikin manyan motoci, suna tambayar shekaru kawai, kamar masu neman auren gwauruwa mai gado. Sabon manaja ya gano akwai ganga 'yar shekara ashirin da wani abu a hawa na ƙasa, ya sa aka share gabanta, yana kawo baƙi su ɗauki hoto. Ya yi ta lallashin Hollis ya bar masa ita. Hollis ya ce ta matarsa ce. Aka ce kai, ga soyayya. A shagon aski, inda maza suke zama suna jera wuskin da suka fi so, wannan ya ce tsoho, wancan ya ce sabo, aka fara cewa duk ku jira ta Hollis. Yana zaune yana ji. Ya yi ritaya gangar tana da shekara ashirin da uku, amma kowace kaka yana komawa da kwalbarsa, masu gadi suna buɗe masa ƙofa da girmamawa.

A shekara ta ashirin da biyar Verna ta fara shaƙewa in tana haɗiya. Sigarin shekara hamsin ne ya zo karɓar nasa. Aka kai ta asibitin birni, aka yi ta gasa mata maƙogwaro da na'ura sati bayan sati. Ciwon bai tafi ba. Abin da ya tafi shi ne harshenta. Kaza, shayi, tuffa, duk ta ce kwali ne jiƙaƙƙe. Ta rame har zobenta yana zamewa, muryarta ta koma kamar ana jan kujera a kan siminti, amma bakin yana nan.

Wata safiya, ganye bai ma fara ja ba, yana dama mata kunun hatsi a kicin, ta yi magana daga kujerarta.

"Tsoho."

"Na'am."

"Ka je ka buɗe min gangata. Tawa ta gaskiya, ba ta hawa na uku ba."

Ludayin ya tsaya. Bai juyo ba. Ya ji bayan wuyansa ya ɗau zafi kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, shi da yake da shekara sittin da huɗu.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun kurɓar farko. Ka kawo min 'yar shekara takwas ka ce sha huɗu ce. Ni? Da Doyle kaɗai kake yi wa, da ba komai, shi ko ruwan wankin ƙafa ka ba shi zai ce ya ji kirfa." Ta yi tari, ta jira ya lafa. "Shekarar da aka yi ambaliya ma rayi ka ɗebo min. Ban san ko duhu ne a layin ba, ko hancinka ne ya mutu. Ita ce shekarar da na fi jin daɗi."

Ya kashe wutar, ya zo ya zauna a gabanta. Hannuwan nan manya suna kan gwiwa, bai san inda zai kai su ba.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Jira nake ka faɗa."

"Shekara goma sha ɗaya, Verna."

"Na ƙirga ai. Na ce bari in ga kwana nawa mutum zai yi yana duban idona yana zuba min ƙarya a kofi. Shekarar farko haushi ne. Ta biyu na ce wallahi ba ni zan fara ba. Daga nan kuma..." Ta ɗaga kafaɗa. "Daga nan ban san ta inda zan fara ba. Ka ga ba kai kaɗai ne jaki a gidan nan ba."

"Cewa na yi za ta juyo."

"Kai da kake yi wa Leland dariya in ya faɗi haka?"



"Ba na jin ɗanɗanon komai yanzu, na sani," ta ce. "Amma ka ce ni zan fara sha. Ba na so a buɗe ta a zaman makokina, mutane suna cin naman alade suna yaba ka."

Ran Talata aka juye ta. Manaja ya so ya kira mai hoto, Hollis ya ce a'a. Ma'aikata dai suka taru. Aka mirgino ta bisa kwatami, kuma tun daga yadda take tafiya da sauƙi tsofaffin cikinsu suka dubi juna. Aka bugi murfin, aka kifa ta. Abin da ya kamata ya ɓulɓulo kamar famfo sai ya zubo siriri, baƙi kamar tsohon man inji, da ɓarɓashin gawayi. Kafin mutum ya gama karanta addu'a ɗaya ya tsaya. Gangar da aka ɗura wa abin da zai cika kwalba fiye da ɗari biyu, kwalba tara ta bayar, ta taran ma ba ta kai wuya ba.

Suka tafa. Manaja ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido, ya ce bai taɓa jin irin wannan zurfi ba, ko zai samu ɗigo ɗaya a harshe? Hollis ya ce matarsa ce za ta fara. Aka sake cewa kai, ga soyayya. Ya jera kwalaben a kwali, ya sa a bayan mota, ya tuƙa gida a hankali kamar mai ɗauke da gawa.

La'asar ce, rana tana kan baranda. Ya fito da ita a kujera, ya lulluɓe mata ƙafafu. Bai kira Doyle ba. Ya zuba a ƙaramin kofinta, kaɗan, ya miƙa. Ta ɗaga shi a haske.

"Kai, ta yi baƙi. Kamar surukata ran da na ƙona mata labule."

Ta kai hanci, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Ta kurɓa. Ya ga idonta ya kawo ruwa, don abin ya sauka a kan gyambon da na'ura ta bari. Ta riƙe shi duk da haka, ta juya shi a baki yadda ta saba, hagu da dama, tana nema. Sannan ta tofar a tawul.

"Wuta kawai," ta ce. "Ba komai a ciki sai wuta. To, na fara sha, ka cika alkawari. Yanzu kai sha ka gaya min."

Shekara takwas rabonsa da ɗanɗana gangar. Ya kurɓa daga kofin nata. Ɗaci ya kama masa harshe tun daga gaba, ya bushe masa baki har haƙoransa suka ji, ya sauka yana kankarar maƙogwaro. Can wani lungu na zuciyarsa, ashe, har zuwa wannan minti yana jiran ta juyo.

Tana kallonsa. Ya san zai iya cewa komai, ba ta da harshen da za ta kama shi da shi. Amma kwana huɗu ke nan da aka kama shi, kunyar ba ta sake shi ba, ya ga yau dai ranar gaskiya ce.

"Kamar an tafasa tsohuwar ƙofa," ya ce.

"Ko kaɗan ba ragowar ta sha biyu? Can ƙarshe. Lemon nan."

Ya sake kurɓa, don ya yi mata adalci. Ya jira.

"Babu."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ta dubi titi, inda motar mai kawo wasiƙa take wucewa, ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Da ka ce akwai," ta ce, "yau kam da na yarda."

Ya buɗe baki zai gyara, ta ɗaga masa hannu. Ta ce sanyi take ji, ya mayar da ita ciki.

Ba ta kai Kirsimeti ba. A zaman makoki Doyle ya ja shi gefe ya ce yau ai sai a fito da ita, don ƙanwarsa. Hollis ya ce ba yau ba. Charlene ta ce Baba, ko kwalba ɗaya, ya ce ba yau ba. Mutane suka ce baƙin ciki ne, a bar shi. Ashe Verna ba ta gaya wa kowa ba, ko yayanta, ko 'yarta. Ta tafi ta bar masa abin a hannu, ya yi yadda ya ga dama da shi, kuma Hollis bai taɓa sanin yadda ake yi da irin wannan ba.

Kwalaben suna cikin kabad, bayan rigunan sanyinta. Mutanen birni sun yi ta zuwa har ƙofa, wani da matarsa, wani da takarda daga wata ƙungiya, yana sallamarsu daga bayan ƙofar raga. Doyle ya yi shekara shida yana roƙon ko cikin murfi ne, da wasa, da faɗa, da tuna masa zumunci, har ya mutu bara yana cewa surukinsa marowaci ne amma ya iya ganga. Hollis ya ɗauki akwatin gawarsa tare da wasu biyar.

Yanzu ƙafar da ganga ta murƙushe ta hana shi tafiya mai nisa, amma ran Asabar yakan lallaɓa shagon aski, ko da ba gashin da za a aske. Mazan suna nan da gardamarsu. Wani ya ce shi dai ɗan shekara shida, wani ya ce rayi sabo mai yaji ya fi masa duk wani tsoho, wani ya ce in bai kai sha biyar ba ruwan wanka ne. In sun gaji sai ɗaya ya nuna shi da haɓa ya ce ku yi ta surutu, ga wanda ya sha ta gaske nan zaune, shekara ashirin da biyar. Su juyo su ce, Baba Hollis, don Allah yaya take?

Sai ya dubi ƙasa, ya ce ta yi kyau.